Zoben Alhaji Mamman da Tafiyarmu Ankara

Na daɗe ina juya maganar rubuta wannan labari. Nakan ɗauki biro in ajiye, don ni karatuna bai wuce firamare ba, kuma maganar ta shafi gidan yayata da mutumin da ya riga mu gidan gaskiya. Amma tun da na dawo ba ni da sakat. In na shiga kasuwar Kankia a tare ni, in na fito masallaci a Bauranya a tare ni: "Malam Isiyaku, wai ka ga teku?" "Wai injin ya yi magana?" Har labarin ya fara dawo mini da ƙari, wani ya ce an kulle mu a iyaka, wani ya ce dutsen narkewa ya yi. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda aka yi. Abin da ban gani da idona ba, zan ce ji na yi.

Gidanmu gidan ajiya ne tun zamanin mahaifina. Mace ta kawo ƙullinta, mai tafiya ya kawo nasa, in sa a gwangwani in tura can cikin gero a rumbu. Mahaifina ya bar mini doka guda: mai ajiya ba ya kwance ƙulli. Ba ni da wata dukiya da ta wuce wannan suna.

Alhaji Mamman mijin yayata Binta ne, ɗan kasuwa a Kankia, yana kai albasa Ankara ta ƙasar Gana. Daga can ya zo da zoben azurfa mai farin dutse, lu'ulu'un da 'yan kasuwa ke kira daiman. Da hanyoyi suka lalace da masu satar mutane, sai ya zare shi ya ba ni. "Isiyaku, ƙyallin nan zai jawo mini baƙin da ban gayyata ba. Ajiye. In ta Allah ta kasance, na yara ne."

Ta Allah ta kasance. Bayan sadakar arba'in na fito da zoben na miƙa a gaban liman. Lawal, babban ɗan marigayin, ya kai shi Kano a kimanta saboda rabon gado. Da ya dawo ya same ni a zaure, ya gaishe ni gaisuwar da ba ta da gishiri.

"Kawu, zoben dai na Baba ne, ga ma inda ƙofar mota ta taɓa danne shi. Dutsen nake tambaya."

"Mi ya sami dutsen?"

"Shagon farko sun ɗora masa wani abu kamar biro, ya yi ƙara, suka ce daiman ne. Mai shago na biyu ya ce biro ba ya rarrabewa, yanzu akwai wanda ake yi a inji, kuma shi idonsa bai kwanta da wannan ba. Kai kuwa ka san Baba ba ya sayen abin banza."

Bai ce na canza ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Kafin mako ya zagayo maganar ta bazu. Iya Kulu, tsohuwar da ƙullinta ke rumbunmu tun mahaifina na da rai, ta zo ta ce za ta ɗan duba wani abu a ciki. Ta tafi da shi, ba ta maido ba. Wasu suka biyo bayanta. Yayata kuwa Lawal ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta tsawata masa a gaban mutane. Abin da ta ce kawai: "Ku je ku gano."

Ni ma ina da nawa zargin. Zoben ya wuni a hannun mutanen Kano, wa ya san abin da aka yi bayan kanta? Akwai kuma wanda ban faɗa wa kowa ba. Duk kaka ina jefa ƙwayar maganin ƙwari a rumbu, wadda warinta ke kashe gunda. Sai na riƙa tunanin ko wannan warin ne ya shiga gwangwani ya kashe dutsen. In haka ne, ai da hannuna na ɓata dukiyar marayu.

Lawal ya kira Alhaji Garba, mai masaukin mahaifinsa a Ankara, shi kuwa ya ce ya san inda babban injin gwada irin wannan dutse yake. Liman ya yanke cewa mu tafi mu biyu. Aka kira baduku ya ɗinke zoben cikin jar fata a gaban shaidu, ya fito tamkar laya. Sharaɗin shi ne: a wuyana zai zauna, amma zaren ɗinkin Lawal ne ya zaɓa, kore, kuma kowace safiya in miƙa masa ya duba. Yaron da na goya a kafaɗata zuwa kasuwa, shi ne yanzu zai riƙa duba ni.

Muka yi fasfo da katin allura, muka tari mota a bakin titin Kankia zuwa Kano, daga can babbar bas zuwa Ikko. Wanda ke kusa da ni wani mai fara'a ne da ya ce man zafi yake sayarwa. Tun kafin mu wuce Zariya idonsa na kan wuyana.

"Malam, wannan ta tsari ce ko ta kasuwa?"

Na ce ta tafiya ce. Ya miƙo goro na ƙi, ya miƙo dabino na ce haƙori na ciwo. Daga baya na tuna haƙorina lafiya lau, na yi istigfari. Duk inda aka tsaya cin abinci sai in tsaya kan mai nama ina tambayar wa ya yanka, har Lawal ya ce, "Kawu, ci burodi ka huta. Shi ba a yanka shi." Wajen sallah Lawal ya fito da waya wai ita ke nuna alƙibla. Ban yarda ba sai da na dubi rana. Sun zo daidai, amma ban daina duban rana ba. Shi kuwa mai man zafi, a Ikko ya taimaka mana da kaya har tashar motocin iyaka, ya tafi bai karɓi komai ba. Har yau ban san abin da yake nufi da kirkin nan ba.

Iyaka uku ake tsallakewa. Ta farko hatimi kawai aka buga. A Kwatano na ga 'yan acaɓa duk da riga ruwan ɗorawa, da mata suna tuƙa babur da goyo a baya. Burodinsu dogo ne kamar sanda, yana da taurin da zai sa mutum ya yi wa haƙorinsa addu'a.

A iyaka ta biyu ne muka kusa kwana. Wani ma'aikaci ya nuna wuyana ya yi magana da Faransanci. Wata Hajiya 'yar Maraɗi da ke cikin motarmu, mai fataucin atamfa, ta ce yana tambayar mene ne. Lawal ya yi wuf ya ce, "Laya ce." Mutumin ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi, ya yi mana alamar mu wuce. Ni kuwa ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

"Hajiya, gaya masa ba laya ba ce."

"Kawu!"

"Zobe ne, amanar marayu. An ɗinke shi a gaban liman."

Hajiya ta dube ni sama da ƙasa. "Kai bawan Allah, an buɗe maka ƙofa kana neman taga?" Amma ta faɗa masa. Nan aka ware mu gefe, ma'aikacin ya ce sai an farke. Na ce sai dai a mayar da ni gida, don zaren nan ba zai tsinke ba sai a gaban inji. Direba na ta danna oda, fasinjoji na zaginmu da harsuna kala kala. Hajiya ta yi ta yi masa bayani, hannu na tashi. Can ya matsa fatar da yatsu, ya ji zobe ɗaya ne, ya kira wani abokin aikinsa ya ba shi labari, suka bushe da dariya, suka sallame mu. A mota Lawal ya ce, "Wannan gaskiyar taka, Kawu, wata rana za ta kwana da mu a daji." Amma na lura ya daɗe yana kallona ta gefen ido.

A Lome titi yana bin bakin teku. Na gan shi, ga masu tambaya. Ruwa ne ba iyaka, yana tasowa yana komawa kamar yana da wata manufa. Ban ji daɗinsa ba.

Alhaji Garba ya tarbe mu a Ankara ya kai mu zango, unguwar Hausawa. Ya ce kakansa daga ƙasar Katsina ya zo da fataucin goro, shi kuwa bai taɓa taka ta ba. Hausarsu tana da daɗi amma mace da namiji duk "ya" ne, sai ka natsu kafin ka gane wa ya zo. Aka kawo mana dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, da soyayyen kifi da baƙin yaji. Na ɗauka ya kwana ne ya lalace, na matsar da shi a hankali. Alhaji Garba ya ce, "Malam, tsamin shi ne kuɗin." Da safe kuma shinkafa da wake ja wur, wanda har waɗanda ba Hausawa ba ke kira da sunan wakenmu. Wannan kam na ci. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne mutuwarsu. A wajen zango gawa takan daɗe a ajiye, a liƙa hoton mamaci a bango kamar ɗan takara, a yi kiɗa. Na ji an ce har akwatin gawa ake sassaƙawa kamar kifi ko mota, amma wannan ji na yi. Na tuna Alhaji Mamman da aka rufe kafin la'asar, na gode wa Allah.

Da gari ya waye na ciro fatar na miƙa wa Lawal kamar kullum. Alhaji Garba na zaune da butarsa.

"Wannan kuma wace al'ada ce ta Katsina?"

Lawal ya duba zaren da sauri ya maido mini, kansa a ƙasa.

Wajen gwajin wani bene ne a cikin gari, ƙofa bayan ƙofa, sai an danna maka kake shiga. Na zaci zan ga inji kamar na niƙa. Sai ga wata mata mai tabarau zaune bayan tebur da 'yan akwatuna ƙanana. Alhaji Garba ne tafinta. Lawal ya duba zaren a karo na ƙarshe, na yi bisimilla na farke da reza. Matar ta miƙo faranti. Na ce a gaya mata zoben ba zai shiga wani ɗaki ba, kuma hannunta ya zauna a kan tebur. Alhaji Garba ya ce, "Haba Malam!" Amma ya faɗa. Ta yi murmushi ta naɗe hannun rigarta har gwiwar hannu. Sai zargina ya ƙaru, don masu dabo ma haka suke yi.

Ta fara da biron da Lawal ya ba ni labari. Ta dangwala a dutsenmu, ya yi ƙara. Zuciyata ta yi fari. Sai ta fito da wasu duwatsu biyu nata, ta ce ɗaya daga ƙasa aka haƙo shi, ɗaya a inji aka yi shi. Ta dangwala wa kowanne, duka suka yi ƙara iri ɗaya. Ta ce biron yadda dutse ke jan zafi yake aunawa, kuma a nan duk ɗaya suke, don na injin ma daiman ne na gaske, ba kwalba ba ne.

Na ce ban gane ba. Abu ko gaskiya ne ko jabu.

Alhaji Garba ya ce, "Kazar gidan gona da kazar Hausa fa? Duka kaji ne, duka a yanka a ci. Amma kai su kasuwa ka gani ko kuɗinsu ɗaya."

Ta jera duka ukun cikin wani akwati mai murfi, ta rufe. Na miƙe tsaye na dafa murfin da yatsa, ta ƙyale ni. Ta ce wani haske ne ake haska musu a ciki, kowane iri da yadda yake amsawa. Hotonsu ya fito a allo kamar na talabijin. Na ƙasan ya fito da shuɗi shuɗi. Na injin aka yi masa jan zane. Namu ma aka yi masa jan zane.

Na ce a sake. Ta sake. Na ce a canza musu wuri, ko injin ya riga ya haddace gurbin. Ta canza. Jan ya bi zobenmu duk inda aka kai shi.

Ina jin idon Lawal a kaina. A nan ne abin da na ɓoye tun daga gida ya fito da kansa. Na ce, "Alhaji, tambaye ta. Na ajiye shi shekaru cikin gero da ƙwayar maganin ƙwari. Ko warin ne ya mayar da shi haka? In shi ne, laifina ne, a faɗa a gaban yaron nan."

Alhaji Garba ya buɗe baki yana kallona, sannan ya fassara. Matar ta cire tabarau ta yi dariya har da share ido. Ta ce yadda aka haifi dutse haka yake zama, ba wari ko magani da zai mayar da na ƙasa na inji. Lawal bai yi dariya ba. Ya ce, "Kawu, dama abin da ke cinka ke nan?"

Shi ne kuma ya yi tambayar da ta kawo mu. Ya ce a tambaye ta ko an taɓa cire dutsen an sa wani. Ta ce wannan ba aikin akwatin ba ne. Ta ɗora zoben ƙarƙashin wani madubi mai ido biyu, ta daɗe tana juya shi, sannan ta kira Lawal ya leƙa, ni ma na leƙa. Bakin azurfar da ya rungume dutsen ya zama kamar katanga. Ta ce in an taɓa buɗe shi aka mayar, sai an ga sawun ƙarfe, ita kuwa ba ta ga ko ɗaya ba, sai gogewar hannu ta yau da gobe. Ta juya cikin zoben. Ƙarƙashin dutsen datti ne ya daskare, ja ja, da wani farin gari a samansa.

Lawal ya daɗe a kan madubin. Da ya ɗago idonsa ya kawo ruwa. "Goro ne. Baba da babban yatsa yake ɓare goro, ya goge a zoben. Farin kuma geronka ne, Kawu."

Na ce a gaya mata ta rantse ba a taɓa buɗe shi ba. Ta ce ita ba ta rantsuwa, abin da ta gani ta faɗa. Wannan bai yi mini daɗi ba, har yanzu ma.

Da muka sauko Lawal ya tambayi Alhaji Garba ko an cuci mahaifinsa ne, ko ya san abin da ya saya. Alhaji Garba ya ce shi dai ya gan shi da zobe wata tafiya, bai raka shi saye ba. Ya ce, "Mamman mutum ne mai son ƙyalli, kuma mai son araha. Duka biyun na iya yiwuwa."

A hanyar dawowa na sa zoben cikin fatar na ƙulle da zare. Washegari bayan sallah na miƙa wa Lawal kamar yadda aka saba. Ya ƙi karɓa, ya durƙusa nan bakin tasha a gaban mutane.

"Kawu, ka yafe mini."

"Duba dai. Sharaɗin liman ne, bai ce a daina a hanya ba."

"Wallahi ba zan duba ba."

Muka yi ta ja har direba ya kira mu. Na yafe masa, amma na gaya wa liman cewa an karya sharaɗi a dawowa, don kada ya ji daga wani wuri.

Lawal ya yi bayani da bakinsa a gaban liman da shaidun da suka ga ɗinkin. Yayata kuwa sai ta aiko mini da fura mai yawan da ta fi ƙarfin gidana. Bayan 'yan kwanaki ina gyaran jinkar rumbu sai ga Iya Kulu da sandarta, ta ajiye ƙullinta a gabana.

"Na gama dubawa."

Na ce, "Iya, yanzu na ga abin da na gani. Gara ki kwance mu ga abin da ke ciki, a kira shaidu, kada wata rana a ce wani abu."

"Kai Isiyaku, da ina son a san abin da ke ciki, wurinka zan kawo? Ubanka bai tambaye ni ba. Ɗauki ka sa inda yake."

Na ɗauka na sa. Amma na raba rumbun ajiya da na magani, ko da matar ta ce ba komai.

Zoben yana wurin liman, ba a sayar ba tukuna. Lawal ya ce duk wanda zai saya sai an gaya masa na inji ne, na ce haka ya dace. Abin da ya rage shi ne tambayar da yaron nan ke kwana da ita, ni ma ina kwana da ita. Don haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, musamman 'yan albasa da direbobin da suka yi hanyar Ankara tare da Alhaji Mamman na Kankia: in akwai wanda yake wurin ranar da ya sayi zoben azurfa mai farin dutse, ko ya ji abin da mai shagon ya gaya masa, don Allah ya neme ni a Bauranya, kowa ya san gidan ajiya. Ba rigima za mu tayar ba. So muke mu sani ko yafe wa wani za mu yi a madadinsa, ko kuwa dariya ya yi mana ya tafi. Sai dai wanda zai zo, ya zo da abin da ya gani da idonsa. In ji ya yi, ya ce ji ya yi.